Gaisuwa da Kalakson

Gara in faɗa da bakina tun wani bai riga ni ba: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Maƙerin garinmu yana da ɗan kasonsa, amma ƙarami ne, irin na wanda ya riƙe ƙafar akuya ana fiɗa. Babban kason nawa ne, ni mai aji huɗu na lakwal da faransanci rabin ƙwarya. Aboki ɗaya na yi a duniya wanda ya taɓa goya ni a bayansa, na kuma rasa shi don ina kunyar faɗuwa a gabansa. Yanzu haƙora sun zube, kunyar ta bi su, shi ya sa hannuna ya yarda ya rubuta.

Ƙauyenmu yana arewa da Mayahi, a kan hanyar Gidan Amumune. Mu Kirista ƴan gidaje ne kaɗan a gefen gari, majami'armu ɗakin laka ne da bai fi rumbu biyu ba. Na yi lakwal har aji huɗu, sai babana ya duba ya ga gona ta fi mushe, wato malaminmu, bukatata. Abin da na tsira da shi ba shi da yawa. Ina karanta wasiƙa, ina rubuta amsa, kuma ina iya ce wa jandarma "bonjour chef" ido cikin ido. A shekarun da soja suka karɓi ƙasa, wannan na ƙarshe ba ƙaramin ilimi ba ne.

Bayan fari na farko an yi damina biyu masu albarka. Wake ya yi, na sayar, na sayi tsohon moto, wato babur, a Tasawa hannun wani mushe da aka yi wa canjin gari. Daga nan na zama ɗan sallahun ƙasar. Wasiƙun ƴan cirani, maganin ido, saƙon rasuwa, kaza zuwa ga suruka, duk ni ne. Daga garinmu zuwa Mayahi, wanda bai san kowa ba sa'a guda ta ishe shi. Ni sai in tashi da hantsi in isa azahar ta gota, don a ƙasarmu mai moto ba ya gaisuwa daga bisa sirdi, sai in shi ne kumandan mai mulkin yankin. In ka ga mutum sai ka tsaya. Ka kashe moto, don ba a tambayar lafiyar iyali inji yana kuka. Ka sauka, ka ba da hannu, in babba ne ka rage tsawo. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina dabbobi, ina zafin nan. A kawo ruwa ka sha ko ba ka jin ƙishi. Sannan a ce, to, me ke cikin jakar? Wannan tsaye-tsayen shi ne aikin. Tuƙin kuwa, ko biri aka koya wa zai yi.

Abokin nawa Bahillace ne, Musulmi, dogo siriri mai tafiya kamar yana tsallake ruwa. Kowace kaka in an kwashe hatsi yakan sauka da shanunsa a gonata, su ci kara su bar mini taki, ni kuma in kai wa iyalinsa dami. Haka ubansa ya yi da ubana. Shi yana ce mini Kaɗo, ni ina ce masa Ɗan Fillo, kuma ban tuna ranar da ɗayanmu ya kira ɗan'uwansa da sunan yanka ba. In ya ga ina zuba wa moto isansi sai ya zagaya shi yana girgiza kai.

"Kaɗo, wannan saniyar taka kullum sha take, yaushe za ta haihu?"

"Ran da taka ta yi birki."

Ran Lahadi in muka fito majami'a sai in tarar da shi gindin gawo yana jirana. Ya ce, "Na ji ku. Ku ƙara murya mana. Mu mun roƙi ruwa a hankali ba a ba mu ba, ku gwada da ihu."

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko rashin kunya. Gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallonmu har ya bushe a tsaye. Mata suka koma jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu a ci. Matata ta kwashi yara ta yi kudu wurin ƴan'uwanta, da shawarata, ba faɗa muka yi ba. Gida ya rage daga ni sai yayata, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa ya bar ta da baki mai kaifin aska. Ɗan Fillo bai sauka gonata ba a shekarar, don babu karan da za a ci. Ya kafa bukkokinsa a bakin wata rijiya cikin Gulbin Kaba, daidai inda hanyar Mayahi ta ratsa yashi mai zurfi.

Wata rana na ɗauko buhun jar dawar taimako daga Mayahi. Na kusa gida moto ya kwanta da ni, ƙarfen taka ƙafa ya shige ƙwaurina na hagu. Yayata ta duba ramin ta ce a tafi likita. Na ce mata, "Yaya, abin da ke ɓata ciwo sunansa mikrob, kuma na ji a garejin Tasawa cewa babu mikrob ɗin da ke rayuwa cikin baƙin mai." Na tsiyayo baƙin man inji na cika ramin, na ɗaure da tsumma. Ta ce, "To, Mushe." Haka take kirana in ta ga na hau dokin ilimi.

Shi dai mikrob bai je lakwal ba, bai san an hana shi ba. Ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, har yayata ta koma aje mini kunu daga bakin ƙofa tana toshe hanci da gefen zane. Amalanke babu, shanun ja wasu sun mutu wasu an sayar. Ita ce ta aika wa Ɗan Fillo. Ya zo da aron jaki, ya leƙo ɗaki, ya ja da baya, ya sake shigowa.

"Kaɗo, ka mutu ne ba a gaya maka ba?"

Jakin ya kai ni rabin hanya ya durƙusa, shi ma yunwar ce. Ɗan Fillo ya kwance rawaninsa, ya goya ni, ya ɗaure kamar yadda mace ke ɗaure jariri. Ruwan ciwon yana bin rigarsa, ƙudaje suna yi mana rakiya, ni kuwa ina jin ƙasusuwan bayansa a ƙirjina. Yana tafiya yana zagina da Fillanci. In ya gaji ya sauke ni gindin goriba, ya huta, ya sake ɗauka. Haka muka shiga Mayahi. Daga can mota ta kai ni babban asibiti. Likita ya kwance tsumman, ya tambaya wane ne ya zuba mai a ciwo. Na ce wani jahili ne a garinmu. Suka yanke ta sama da gwiwa.

Na dawo da sandunan hammata biyu na tarar gari ya zama kango. Rabin ƙofofi an toshe su da ƙaya, masu su sun tafi neman abinci. Fasto ma ya kai iyalinsa wani wuri. Ran Lahadi mu huɗu ne a majami'a, ni da yayata da wasu tsofaffi biyu, miji da mata. Ni ke ta da waƙa, muryata ta fita ta dawo ba ta sami abokin tafiya ba. Makon farko maƙwabta suka zo, sannu, sannu, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Mako na biyu kowa ya koma ga yunwarsa, kuma ban ga laifinsu ba. Sai in fito da tabarma ƙofar gida in zauna daga hantsi zuwa la'asar. Na san ƙadangarun katangarmu ɗaya-ɗaya har na raba musu muƙamai, akwai kumandan mai jan kai, akwai wani ramamme da na naɗa mai gadi. Babban yatsan ƙafar da aka binne a wani gari yakan yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa tabarma. Moto yana cikin rumfa an rufe shi da zana, kamar mai takaba. Wasiƙar matata ma sai da ta yi wata guda kwance a Mayahi, don mai ɗauko wasiƙun shi ne ni.

Sau biyu Ɗan Fillo ya tako da ƙafa ya zo duba ni. Zuwa na biyu ya rame har rawanin ya yi masa yawa. Na tambayi lafiyar shanu, ya yi wasa da ƙasa, sannan ya ce, "Da asuba sai na bi su ɗaya-ɗaya. Wadda ta kwanta ba ta iya tashi da kanta. Mu zura itace ƙarƙashin cikinta, ni in kama wutsiya, mu ɗaga. In ta tsaya da ƙafafunta, to ranar ta kwana. Kaɗo, ba zan ƙara samun zuwa ba. In na bar su yini ɗaya, fatu zan tarar."

Na ce, "Zauna abinka. Ni zan zo maka, bisa moto."

Ya dubi dungun, ya dubi rumfa, ya yi dariya har ya yi tari.

Na ce, "Ka dai aje mini nono."

"Nonon wa? Sai dai nawa."

Ga wanda bai taɓa tuƙi ba, ƙafar hagu ita ke canja bitesi, wato giya. Ta dama ita ke taka birki, ita ce kuma ke buga ƙarfen da ke ta da inji. Na ja jiki zuwa maƙera. Maƙerin yana zaune ba aiki, don ba mai sayen hauya a shekarar da ba a noma. Na zana masa abin da nake so a ƙasa da kan sandata, dogon ƙarfe daga wurin bitesi ya hauro zuwa gefen tankin mai, da maɗauki na itace, in riƙa ja da hannu. Na gama na ce, "Voilà."

Ya ce, "Ni dai ƙarfe na sani. In ka mutu ban san ka ba."

Kwana uku yana zuga. Ya sare ƙafar wani tsohon gadon ƙarfe, ya lanƙwasa, ya haɗa da ƙotar galma. Abin ya fito mummuna kamar an dasa wa moto muciya, amma yana aiki. Iyakar ƙasa a rufe take, isansi sai a kwalba kamar turare. Wani ɗan kasuwa a Mayahi ya aiko mini da ƴan kwalabe a kan in riƙa kai masa saƙo.

Na fara koyo a bayan gari, a filin sussuka da ba a yi sussuka ba. Tafiya ba ta ba ni wuya ba, tsayawa ce ta kunyata ni. Shekara da shekaru in dama ta taka birki hagu ce ke sauka ƙasa. Kai ya san an yanke ta, jiki bai sami labari ba. Na taka birki, na miƙa ƙafar da ke binne a wani gari, muka tafi ƙasa ni da moto gaba ɗaya. Na kwanta rigingine kamar buzuzu. Yayata ta zo ta kama ni ta hammata tana ja, wasu mata biyu masu dawowa daga tonon gidan tururuwa suka aje ƙwarya suka taya ta. Ba wadda ta yi dariya. Da sun yi dariya da na warke. Ɗaya ta ce, "Wayyo, bawan Allah," da irin muryar da ake yi wa majinyacin da ba a sa ran tashinsa. A wurin na ɗaukar wa kaina alkawarin wauta, cewa ba mahaluƙin da zai sake ɗaga ni daga ƙasa.

Da kwanaki na koyi karkata dama, ko da yake jikin yakan manta. Sai wata matsalar ta fito. In na kashe moto, ƙafa ɗaya ce ke riƙe da mu, ita ce kuma za ta buga ya tashi, kuma ba ta iya yin biyun lokaci guda. Maganin abin ba wuya, wani ya riƙe moton ta hagu in buga, aikin da bai fi ƙiftawar ido ba, ko tsohuwa za ta iya. Ni da ilimina na ce a'a. Na sa aka kafa mini gwafa a ƙofar gida, in jingina moto a kanta in buga. Na kuma tuna da wani itacen dogon yaro a bakin kasuwar Mayahi, a wuri mai ƙasa mai tauri. Tashoshina a duniya suka zama biyu, gwafa da dogon yaro. Tsakaninsu ba tsayawa.

Ran kasuwa na ɗaure sandunan hammata a bayan sirdi. Yayata ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Mushe, in za ka faɗi, ka faɗi kusa da mutane."

Na buga ya tashi. Iska ta taɓa fuskata bayan watanni, na ɓarke da waƙar majami'a da iyakar ƙarfina, kuma ranar ban damu da rashin mai amshi ba. Allah ya sani niyyata in tsaya a rijiya ce. Na hango bukkoki, na hango shi ya saki guga ya taho da gudu yana kaɗa malfa. Sai na ga yashin. Na ga mata cike da bakin kwami, na ga ba itace ko ɗaya kusa da hanya, goribar duk suna can nesa. Na ga kaina a ƙasa rigingine, shi yana neman inda zai kama ni, kamar saniyar da ta kwanta. A yashi ba a sakin kan moto, ko hannu ban iya ɗaga masa ba. Babban yatsana ya danna kalakson sau biyu, fiit, fiit, na wuce. A madubi na gan shi tsaye a tsakiyar hanya da malfa a hannu.

Na ce a dawowa. A dawowa ma kalakson ne.

A Mayahi kuwa an kewaye dogon yaro ana kallona. Wani jandarma ya ja muciyar nan tawa gaba da baya, ya yi dariya, ya manta bai tambayi takarda ba. Na sha sannu har na ƙoshi. Ƙauyukan hanya ma na samo musu dabara. Sai in ɗaure wasiƙa da ɗan dutse, in na zo inda ƙasa ke da tauri in jefa a gindin itacen da dattawa ke zama. Su tsinta, su bi ni da ido, don mai karanta musu ya riga ya yi nisa.

Mako na biyu Ɗan Fillo bai yi gudu ba. Yana tsaye a gefen hanya da ƴar ƙwarya a rufe da faifai. Na san abin da ke ciki, na kuma san daga bakin wa aka rage shi. Na danna kalakson. Mako na uku na iske shi yana tsallakar da saniya ɗaya, yana tura ta da kafaɗa. Na danna. Ya ja ta gefe, ya ba ni hanya, bai ɗago kai ba.

Na gaya wa kaina a Yamai haka manya ke gaisawa, mota ta yi wa mota kalakson kowa ya gane. Na manta a Gulbin Kaba abu biyu ake yi wa kalakson, jakin da ya tare hanya da mutumin da ba ka san shi ba. In na dawo gida sai in jingina da gwafa, in sauka, in koma kan tabarmar nan ta dā, ga kumandan ga mai gadi a kan katanga. Yini guda ina ratsa garuruwa, ban sha ruwan kowa ba.

Wata la'asar yayata ta dawo daga ɗebo anza, ta sauke ƙwarya ba ta ce sannu ba.

"Mushe, an ce ka zama kumandan."

"Wa ya ce?"

"Wata matar rugar rijiya muka gamu a daji. Wai Ɗan Fillonka ya ce ba laifinka ba ne. Wai Kaɗo don taki ya san Bahillace, to ga shi ba shanu ba taki, a tsaya a yi me?"

Na ji kamar an sake yanka ni, wannan karon ba allura.

Ta ce, "Shanu biyu suka rage masa. Tashi za su yi, kudu."

"Yaushe?"

"Ni na sani? Rana ba ta faɗi ba, buga abinka ka tafi. Ka je ka faɗi a gabansa, ƙasa ba ta cizo."

Mai hankali da ya tafi. Ni maƙera na nufa. Na zana wa maƙeri wata sabuwar dabara, ƙafar ƙarfe a gefen hagu wadda zan saki da hannu ta dafa ƙasa, gwafata ke nan ta tafi-da-gidanka. In tsaya kamar mutum, in sauka kamar mutum, in gaisa, in hau in buga, ba wanda ya taɓa ni. Maƙeri ya dubi zanen ya dube ni.

"Mai moto, can ɗin ba mutane ne? Ka ce wani ya riƙe maka mana."

"Sarkin maƙera, kai dai hura wuta."

"Sai kwana biyu."

Na ce na ba shi. Kasonsa a wautar ke nan, da ya yarda ya hura.

Rana ta uku da hantsi na tashi, da sabuwar ƙafata ta ƙarfe da ɗan ƙunshin sukari da na ɓoye tun daga asibiti. Tun daga nesa na fara rage gudu. Na zo daidai rijiya, na taka birki, na kashe inji kamar yadda ladabi ya ce, na saki ƙafar ƙarfe. Yashi ya haɗiye ta kamar an soka tsinke a tuwo. Muka kwanta ta hagu, moto bisa dungun, sandunan hammata a ƙarƙashinmu. Na rufe ido ina jiran in ji gudun dogayen ƙafafun nan, ina jiran dariyar da zagin Fillanci. A lokacin har na fara jin daɗi, na ce to, abin da ake gudu ya faru, an huta.

Ba wanda ya zo. Na buɗe ido na ɗaga kai. Inda bukkoki suke sai da'irar ƙasa a share da duwatsun murhu. Turakun dangwali suna nan, igiyar babu. Bukka ɗaya ta rage a can gefe, a ƙofarta wata tsohuwa tana zaune tana tsinkar kaba. Uwarsa ce. Na san ta tun tana kawo wa uwata man shanu. Ta aje kabar, ta dafa sanda, ta taho a hankali, ta tsaya a kaina har inuwarta ta rufe mini fuska.

Na ce, "Inna, ina kwana."

"Lafiya. Yau an tsaya?"

"Ina Ɗan Fillo?"

"Jiya da asuba suka tashi. Ni ƙafa ba ta kai ni, ƴata za ta zo ta ɗauke ni." Ta nuna gefen hanya da sanda. "Shekaranjiya nan ya yini. Ya ce ko an gaya wa Kaɗo. Duk ƙarar da ya ji sai ya miƙe."

Shekaranjiya ina maƙera ina koya wa maƙeri inda zai huda ƙarfe.

Ban sake ganinsa ba. Da ruwa ya dawo na tambaya a kasuwar dabbobi ta Tasawa, na tambaya a garuruwan Kona da Sarkin Hausa, duk Bahillacen da na gani da doguwar tafiya sai na tsaya, kuma a lokacin na koyi cewa "riƙe mini nan" ba ta kashe mutum. Wani ya ce ya gan shi yana gadin kanti a wani birni, wani ya ce ba shi ba ne. Matata ta dawo da yara, gona ta sake yin gero, wasu shanun suka ci karana. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar ina kwance cikin yashi, isansi yana ɗiga a rigata, abin da ya zo mini shi ne in yi wa tsohuwa bayani. Na gyara murya daga nan ƙasa.

"Inna, ba wulaƙanci ba ne. Ke ba ki san sha'anin inji ba. Akwai abin da ake ce wa équilibre. Mai ƙafa ɗaya in ya tsaya a yashi faɗuwa zai yi. In na faɗi kuma sai an ɗaga ni. Shi ga wahalar shanu, ga yunwa, kullum yana ɗaga na kwance. Ban so in ƙara masa nauyi ba ne."

Ta dube ni daga kai har inda na ƙare. Ta tofar da ɗan guntun kaba da ke bakinta.

"Kaɗo, mutumin da ya goya ka da ƙafa biyu kana wari har Mayahi, yanzu da aka rage maka nauyi ne zai kasa ɗaga ka?"